Ranar da Inna Ta Ƙi Amsa Gaisuwa

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro “kai” nake, idan da baƙi kuma “wancan”. Da na gama karatu aka ba ni aji a wata makaranta a Treichville ina koyar da Faransanci, sai mutanen gidanmu na Bromakoté suka fara ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a can gida Nijar. Ita ma ta karɓi sunan hannu bibbiyu, don ta samu abin da za ta kira ni da shi ba tare da ta karya kunya ba. Na faɗi wannan ne don a gane cewa matar da ba ta iya furta sunana ba za ta buɗe mini baki in leƙa ciki ba. Ƙanwata, autarmu, ita ce ta fara gani.

Goro Inna take sayarwa a bakin lungunmu tun kafin in yi wayo. Daga wani gari kusa da Maraɗi ta biyo mahaifinmu, da ya rasu ta gaji faifansa da wurin zamansa da abokan cinikinsa. Haƙoranta jajaye ne da fure da goro, irin adon matan zamaninta, kuma tana ji da su. Ba ta tsayawa salla sai ta yi asuwaki. Idan tana son ta kushe mutum gaba ɗaya, ba ta ce masa ɓarawo ko maƙaryaci, sai ta ce, “Wannan ai bakinsa ba ya ganin ruwa.”

Abin ya fara ne da jini a kan asuwaki. Daga nan ta daina cin goro, ta ce ya ishe ta. Mai sayar da goro ta ce goro ya ishe ta, mu kuma muka yarda, da ni da takardun shaidata duka. Sai ta bar yaji. Sai ta bar acheke, dambun rogon mutanen nan, wai tsakinsa yana shiga mata haƙori. Sai tuwo. Kafin damina ta yi nisa ta koma kunu mai sanyi, shi ma da ƙaramin cokali, tana juya mana baya idan za ta sha.

Wata ranar Asabar Auta ta tare ni a ƙofar gida. A Abidjan aka haife ta, Hausarta tana tafiya ne da sandar Faransanci.

“Grand frère, bakin tsohuwa ya lalace fa. Na gani da idona. Dasashin yana saɓulewa kamar fatar tumatirin da aka zuba wa ruwan zafi.”

“Ta yarda kin gani?”

“Ta yi gyangyaɗi baki buɗe. Wallahi c’est gâté.”

Ba zan lissafa duk abin da aka zuba a bakin nan ba, don lissafin zai fi labarin tsawo. Farmasi ta ba da ruwan kurkura mai kore, sannan mai ja. An sha ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta har kala uku. Matan gidanmu, da Hausawa da Jula da wata Bawule mai sayar da kifi, kowace ta kawo ilimin kakarta: jiƙon bagaruwa, alif, garin gawayi da gishiri, man kaɗanya. Wani mai cire haƙori a bayan tasha ya duba, ya ce haƙoran ne masu laifi, a cire na gaba a huta. Allah ya taimake mu Inna ta fi son haƙoranta da shawararsa. An kawo rubutu, ta karɓa da bismilla, amma ko shi haɗiyarsa sai da hawaye. A kan duk wannan Auta tana shafa mata shuɗin maganin nan da kowa a Abidjan yake kira bleu, wanda ake shafa wa kowane miki daga na jariri har na akuya.

Inna kuwa tana ƙarewa. Zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta yana saura. Awarwaronta na azurfa, wanda ban taɓa ganin ya wuce wuyan hannu ba, ya rinƙa silalewa har gwiwar hannu idan ta ɗaga hannu tana addu’a. Ina tsaye gaban allo ina koya wa ’ya’yan mutane yadda ake sarrafa aikatau a lokaci mai zuwa, ni kuwa ban san ko uwata tana da lokaci mai zuwa ba.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini wata likitar baki a wani asibiti a Treichville, ba nisa da Gare de Bassam. Mace ce gajeruwa mai tabarau, ’yar ƙasa, ba ta jin Hausa, Inna kuma Faransancinta na ciniki ne, bai wuce farashi da zagi ba. Ni na zama tafinta, fuskata a bango, don Inna ta ce ba za ta buɗe baki ina kallo ba. Likita ta daɗe tana dubawa. Da ta gama ta ce, “Yako, Maman,” kalmar jaje ta mutanen nan, wadda ko Inna ta sani.

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce ciwon dasashi iri-iri ne, kuma da yawa kamanninsu ɗaya a ido. Akwai na datti, akwai na ƙwayar cuta, akwai mugun nan da ba a son faɗin sunansa, akwai kuma wanda jiki ne da kansa yake juyowa yana yaƙar fatarsa. Maganin wani gubar wani ne. Idan ta ba da maganin na ƙarshen nan alhali ƙwayar cuta ce, to ta hura wuta ke nan, balle a jikin da ya rame haka. Abin da ya fi shi ne a yanki ɗan nama a bincika.

Na fassara. Inna ta rufe baki da mayafi ta ce, “Gaya mata yadda Allah ya ba ni naman nan haka zan mayar masa da shi.”

Likita ta ce to akwai wata hanya, tsohuwa ce amma tana aiki, kuma a yini guda ake ganin amsa. Za ta kankari saman mikin da ɗan ƙarfe, ta shafa abin da ya fito a kan wani siririn gilashi, a bar shi ya bushe, sannan a tsoma shi a rini shuɗi da ja. Jikin mutum, in ji ta, an gina shi ne da ’yan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su kuma ba su da launi, kamar ruwa suke. Sai sun sha rini ake ganin surarsu a madubin likita, daga surar kuma ake gane ciwon.

Na rasa yadda zan mayar da wannan Hausa, sai na ce, “Inna, marina ce ƙarama. Za su rina abin da suka kankara, rinin ya nuna musu ciwon.”

“Su rina,” in ji ta. “In dai babu wuƙa.”

Nan take likita ta kankari mikin ta shafa a gilashi. Washegari na koma karɓar amsa daga makaranta, da alli a hannun rigata. Likita ta ja ni ɗakin bincike, ta zaunar da ni gaban madubin. Na kanne ido ɗaya na duba. Na ga wasu baƙaƙen duwatsu warwatse cikin tabon shuɗi, kamar lungunmu bayan ruwan sama.

“Baƙin nan gawayi ne,” in ji ta. “Shuɗin nan kuma ba nawa ba ne. Maman ta riga mu yin rinin tun daga gida. Me ta sa a bakinta kafin ku zo?”

Ban sani ba. Da na koma gida na tambaya, Auta ta ba ni labari. Ranar da muka je, tun da asuba Inna ta goge dasashin nan mai ciwo da gawayi da gishiri, tana gogewa tana hawaye, ta kurkure da bagaruwa, sannan ta sa aka shafa mata bleu har sau biyu. Na juya wurin Inna, ban ma buɗe baki ba ta tare ni.

“To me kake so, Mushe? In je gaban ’yar mutane in buɗe mata baki yana wari? Kai haka aka koya maka a lakwal ɗinku ta boko?”

Sharaɗin da likita ta gindaya mai sauƙi ne a faɗa. A daina sa komai a bakin. A jira sabon bororo ya fito, irin mai ƙunshe da ruwa kamar na ƙuna, don tsohon miki ya cika da ruwan ciwo da datti, ba ya faɗin gaskiya. Da zarar ya fito, ba kurkura, ba asuwaki, ba ci, ba sha, ba magana, a kawo ta yana nan da ruwansa. Fatarsa ba ta kai ta albasa kauri ba, motsin leɓe kawai yana fasa shi.

Na ɗauka alwala ce za ta zama rigima. Na shirya hujjojina kamar mai shiga jarrabawa, na fara da cewa kurkurar baki ai ba farilla ba ce.

“Sunna ce,” in ji ta. “Na san wannan tun ba ka san hannun damanka ba. Allah ya ga uzurina.”

Ashe ba nan gizo yake saƙar ba. Ban yi tunanin gaisuwa ba, don wanda ya tashi cikinta ba ya ganinta, kamar yadda ba ya ganin hancinsa.

Bororon farko ya fito wata safiya. Auta ta haska da fitilar waya ta gani, ta yi mini alama. Muka shirya cikin sauri. Muna fitowa tsakar gida, maƙwabciyarmu Bajula tana bakin famfo, ta ɗago ta ce, “I ni sogoma, Hajiya, ya jiki?” Kafin in ɗaga hannu Inna ta amsa. Ba amsa ɗaya ba: kwana, gajiya, yara, maigida, jikin surukar da ke Bouaké. Da muka kai ƙofar gida akwai jini a gefen mayafinta. Ta kalli jinin, ta kalle ni, ta juya ta koma ɗaki.

Ranar na yi abin da ɗan fari ba ya yi, na ɗaga mata murya. Na ce gaisuwa ba ta taɓa ceton ran kowa ba. Ta bari na gama, sannan ta ce da ƙyar, tana dafe da haɓa, “Mutum ya gaishe ka ka yi shiru, kai gawa ne?”

Bayan wannan bororon ya yi mana yaji. Mikin yana nan, yana faɗaɗa, ya gangara har maƙogwaro, amma sabo ya ƙi fitowa, ko kuma ya fito ya fashe tana barci. An hana ta bagaruwa da bleu, waɗanda ko ba su warkar ba suna sa ta ji ana yin wani abu. Yanzu babu abin da ake yi sai jira. Kunun ma ya koma ’yan cokula. Ta fara salla a zaune. Na tsinci kaina kullum da safe ina roƙon Allah ya fito wa uwata da sabon ciwo, addu’ar da ban taɓa jin wani malami ya koyar ba.

Sai ga maganar tafiya. Inna tana da aminiya a Williamsville, ’yar garinsu ce, a mota ɗaya aka kawo su Abidjan suna amare. Hajiyar Williamsville muke ce mata. Mijinta ya rasu a farkon shekarar, tana gab da fita takaba, kuma ’ya’yanta sun yanke shawarar mayar da ita gida, don yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa. Da yamma na shigo na tarar Inna ta sa Auta ta sauke akwatinta. A saman kayan akwai farin yadin da ta sayo a Makka ta wanke da zamzam. Na san ko mene ne. Kowa ya san ko mene ne.

“Motar da za ta ɗauki Hajiya da ni za ta tafi,” in ji ta. “A gida ake irin wannan jinyar.”

Tafiyar kwana da kwanaki ce a mota, ta ƙasar Burkina, ga zafi ga shingaye, ga mace da ba ta iya haɗiye ruwa. Ba jinya za ta je yi ba, kuma ba ta ɓoye mana ba. Auta ta zauna a kan akwatin ta ce sai dai a ɗauke su tare, tana kuka da Faransanci. Ni na durƙusa, abin da rabona da yi tun ina ɗan makaranta. Na ce ta ba gilashin nan dama ɗaya tak.

“Ɗaya,” in ji ta. “In bai yi magana ba, ka kai ni tasha da hannunka, ko da Hajiya ko babu ita.”

Bororon ya zaɓi ranarsa da kansa: safiyar da Hajiya za ta tafi. Auta ta haska ta gani a dasashin ƙasa, ta ce ya kai ƙwayar wake. Wannan karon mun yi shiri. Tun kwanaki Auta ta bi ɗaki-ɗaki ta roƙi mutanen gida kada wanda ya gaida Inna idan ya ga ta fito da mayafi a baki. Muka ratsa tsakar gida shiru, mata suna sunkuyar da kai kamar ana fita da gawa. Ban taɓa jin gidan nan haka ba.

Amma gida ne kawai muka iya roƙa. Taksi ba ya shiga lungunmu, masu tebur sun cinye hanyar tun da daɗewa, dole sai an taka har babban titi. Wannan tafiyar kuwa ta cikin rayuwar Inna take bi. Mai nama ya gaishe ta. Mai gyaran takalmi ya gaishe ta. Dillalan goro da suka san mahaifinmu suka miƙe daga kan buhunansu. Ni ina gaba, hannunta cikin nawa, ina rabon amsa kamar mai rabon takardun jarrabawa: “Lafiya lau, ba ta iya magana, asibiti za mu, lafiya lau, ku yi haƙuri.” Auta tana riƙe da ita ta baya. Duk gaisuwar da ta wuce ba amsa sai in ji hannun Inna ya ƙara matse nawa. Na ji wata tana cewa, “Shanyewar baki ce, Allah sarki.” Wata ta ce, “Ko dai ɗan boko ya hana ta kula mutane.”

Muna hango titi, sai ga woro-woro ta tsaya, irin motocin hayan nan da ake cusa mutane, da buhuna ɗaure a samanta. Aka fito da Hajiyar Williamsville, babbar ’yarta tana riƙe da hannunta. Ta biyo ne ta yi sallama kafin su wuce tasha.

Wanda bai tashi cikinmu ba zai ce ai sallama ce kawai. Ba haka ba ne. Tsofaffi biyu idan za su rabu rabuwar da suka san babu haɗuwa bayanta, kowace tana neman gafarar ’yar’uwarta, kuma da baki ake nema, da baki ake bayarwa, a gaban shaidu. Wanda aka nemi gafararsa ya yi shiru, ya ba da amsa ke nan.

’Yar ta ce, “Ga Inna nan gabanki.” Hajiya ta miƙa hannu tana lalube har ta kama mayafin.

“’Yar’uwa, ashe ba za ki bi ni ba. To ni na tafi. Zaman da muka yi, abin da na yi miki da sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini.”

Na ce, “Hajiya, ba ta iya magana yau, likita ce ta—”

“Mushe, ba da kai nake ba. Ba kai na zauna da shi ba.”

Inna ta gyaɗa kai. Ta sake gyaɗawa da ƙarfi. Amma Hajiya inuwa kawai take gani.

“Kin yi shiru. Ko maganar nan ce ta bikin ’yarki? Na ɗauka ta wuce tun tuni.”

Na ji Inna ta ja numfashi ta hanci, irin na mai shirin magana. Na ga leɓenta yana motsi a ƙarƙashin mayafi. Ba ni da abin da zan iya yi. Ba a toshe wa uwa baki a tsakiyar Bromakoté, ko a ko’ina. Na dai ce a hankali, “Inna, ɗaya kika ce.” Ban san ko ta ji ba, don masu gbaka, ƙananan bas na haya, suna ta ihun neman fasinja a kanmu.

Ba ta yi magana ba. Ta kama hannun Hajiya da hannu biyu ta ɗora a kan fuskarta, ta gyaɗa kai a cikin tafin hannun, hawaye yana bin yatsun. Hajiya ta tsaya haka jim kaɗan. Sannan ta zare hannunta ta goge a zane.

“To,” in ji ta. “Ni dai na yafe miki. Allah ya sada mu da alheri.”

Direban woro-woro yana ta danna oda. Aka mayar da ita mota. Har yau ban san abin da ta fahimta a ranar ba.

Muka samu jan taksi. A Plateau muka tarar da cunkoso, muka hau gada muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Direban mutumin kirki ne, abin da ya fi komai haɗari a ranar. Ya ga tsohuwa tana kuka, sai ya sayi ruwan leda ta taga ya miƙo mata, yana cewa, “Maman, yako, sha ruwa.” Auta ta fizge ta shanye da kanta, ya kalle ta ta madubi kamar ya ga ’yar da ba ta da tarbiyya. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji shi a dasashina. Ina kallon ruwan tafkin a ƙarƙashin gada ina tunanin cewa duk karatun da na yi a duniya ya ƙare a gadin ɗigon ruwa guda a bakin tsohuwa.

Likita ta bar wanda take dubawa ta karɓe mu. Na juya fuskata bango. Na ji ta ce da Faransanci, “Yana nan.” Ta fasa shi da kanta, ta kankari gindinsa, ta shafa a gilasai. Inna ba ta ko yi nishi ba. Da aka gama aka ce ta iya magana, sai ta ja mayafi ta sake rufe bakin.

Wannan karon likita ta bar ni na bi gilasan har ɗakin bincike, wataƙila don ta ga ba zan iya zama ba. Marina ce kuwa, sai dai babu mai waƙa. Aka bar su suka bushe a iska. Aka tsoma su a wani ruwa mai warin asibiti don abin da ke kai ya kama. Aka ɗiga rini, aka jira, aka ɗauraye, aka jingina su a tsaye suna tsiyaya. Shafin da ban iya gani da farko ya fito shunayya-shunayya, kamar tabon ɗinya a farar riga. Ana cikin haka aka kira azahar a wani masallaci can wajen Gare de Bassam, na tuna cewa motar Hajiya ta riga ta fita gari.

Likita ta duba ta daɗe, tana murza wani ɗan dunƙule a gefen madubin. Sannan ta matsa ta ce in duba. Babu gawayi. Na ga wasu ’yan ƙwallaye shuɗɗa, kowanne da babban ido a tsakiya da duhu a gefensa, suna yawo ɗai-ɗai.

“Na lafiyayyen dasashi shimfiɗaɗɗu ne, manne da juna kamar daɓe,” in ji ta. “Waɗannan sun saki juna, shi ya sa suka dunƙule. Jikinta ne yake narkar da abin da ke riƙe su. Pemfigus ake kiransa.”

Na tambaye ta ko shi ne mugun. Ta ce a’a, amma kada in yi murna da yawa. In an bar shi yana kisa, in an kama shi yana kwanciya, ba ya dai tafiya. Za ta fara magani yau saboda halin da Inna take ciki, amma har yanzu tana son ɗan naman nan don ta tabbatar.

Na je na gaya wa Inna cewa gilashi ya yi magana. Na ce ciwon yana da suna, na faɗi sunan. Ta ce, “Sunan arna.” Ita ce maganarta ta farko tun asuba. Daga baya ta yarda aka yanki naman, wai tunda an riga an san ciwon, wannan ba bincike ba ne, zakka ce.

Maganin kortizon ne, mai yawa da farko. Ya kumbura mata fuska har mutanen lungu suka rinƙa yi mata barka da ƙiba. Ya hana ta gishiri, ya tayar mata da sukari, ya hana ta barci. Goro da fure da asuwaki mai tauri kuwa an yi sallama da su, haƙoran suka koɗe suka koma kalar na kowa. Amma mikin ya fara rufewa daga gefe.

Ranar da ta ji bakin zai iya ɗaukar doguwar magana, Auta ta dama mata tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ba yaji, ta ajiye a gabanta. Inna ta ture kwanon gefe ta ce a kawo waya. Garin su Hajiya sai an hau tudu ake samun layi, saboda haka saƙon murya aka yi, zuwa wayar ’yarta. Inna ta gyara mayafi kamar ana ganinta. Ta fara daga farko: sallama, gajiyar hanya, mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ta tabbatar suna raye ba. Sannan ta ce, “Abin da kika roƙa a bakin titi, na yafe, duniya da lahira. Maganar biki kuwa ni na ma manta. Bakina ne aka ɗaure ranar. Ki gaya wa waɗanda suka ji shiruna.” Ta sa ni da Auta muka faɗi cewa mun shaida.

Amsa ba ta zo ranar ba, ba ta zo a makon ba. Inna ba ta tambaya, sai dai duk lokacin da wayar Auta ta yi ƙara takan daina abin da take yi. Akwatin an mayar da shi saman kabad, amma farin yadin yana nan a saman kayan. Auta ta tura shi ƙasa, Inna ta dawo da shi.

A ranar dai, da aka gama saƙon, ta jawo kwanon. Tuwon ya riga ya huce, yadda likita take so. Ta gutsuri ɗan kaɗan, ta daɗe tana juya shi a miya, ta kai baki. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta sake gutsura. Sai ta lura ina tsaye ina ƙirga mata loma da ido.

“Mushe,” in ji ta, “ba ka da aji yau?”

Na ɗauki jakata na fita, na tsaya a bayan labule inda ba ta ganina, har sai da na ji cokalin miya yana kankarar gindin kwano.